Amsa ga Hajiya mai shekara 48 da kayan akwatinta suka daina shigarta

Wata malamar makaranta mai shekara 48 ta aiko da tambaya. Ta ce a cikin shekaru ukun da suka wuce jikinta ya sauya, ciki ya fito, damatsa sun cika, kuma zafi yakan taso mata ba zato ba tsammani har ta jiƙe da gumi a tsakiyar aji. Ta ce duk sanda ta kai ɗinki, ko dai a yi mata matsattsen ɗinkin 'yammata wanda ko numfashi ba ta iya yi a cikinsa, ko kuma a zuba mata bubu mai kama da buhu, ga shi kuma bikin 'yarta ta fari yana tafe bayan Babbar Sallah. Tana son sanin irin shigar da za ta sake a cikinta, ta kuma fito da mutuncinta.

Hajiya, na shekara 26 a kan keken ɗinki a Kano, kuma akasarin masu kawo mini ɗinki a yau sa'o'inki ne, don haka wannan koken ba baƙo ba ne a kunnena. Zan fara da awo, domin a nan ne yawancin ɓarnar take faruwa. Kwanakin baya wata Hajiya ta zo shagona da turmi huɗu na atamfa da wata tsohuwar rigarta, ta ce in ɗauki awo a jikin rigar kamar yadda telanta na da yake yi mata. Na roƙe ta ta bari in auna ta da kaina, ta yi ɗan jim, sannan ta yarda. Da na zagaya tef a ƙugunta tana tsaye, sai na ga ta ja numfashi ta shanye ciki, abin da kusan kowace mace take yi ba tare da ta sani ba. Na jawo kujera na ce ta zauna ta saki jikinta kamar tana falonta, na sake aunawa, sai ga bambancin inci huɗu tsakanin awon tsohuwar rigar da awon jikinta na gaskiya. Shekara da shekaru ana ɗinka wa matar nan kaya a kan jikin da ta rabu da shi tun kafin ta yaye autanta, ita kuma tana ɗora laifin a kan kanta.

Sauyin da kike gani yana da dalili sananne. Yawancin mata al'adarsu tana ɗaukewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma tun shekaru kaɗan kafin ta ɗauke sinadarin istirojin, wato sinadarin da yake daidaita al'adar mace, yake fara raguwa a jiki. Idan ya ragu, kitsen da a da yake taruwa a cinya da kwankwaso sai ya koma taruwa a ciki, shi ya sa mace za ta hau sikeli ta ga nauyinta bai ƙaru sosai ba, amma siket ɗinta ya ƙi rufuwa. Raguwar sinadarin ce kuma take kawo zafin nan mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, da gumin dare, da bushewar fata wadda take sa yadin da a da ba ya damunki ya fara yi miki ƙaiƙayi. Ni tela ce, maganar magani ta likita ce, sai dai ina gaya wa duk mai zuwa wurina cewa idan gumin yana hana ta barci, ko ƙafafunta suna kumbura, ko ta ga jini bayan al'ada ta shekara da ɗaukewa, to ta je asibiti kafin ta zo shago.

Idan za a auna ki, ki sa irin rigar maman da za ki riƙa sawa da kayan, ki tsaya yadda kika saba tsayawa, a kuma auna ƙugu da kwankwaso sau biyu, a tsaye da a zaune, a yi aiki da awon da ya fi girma. Atamfa da shadda ba sa miƙewa, don haka dole a bar musu sarari. Ni nakan ƙara inci uku zuwa huɗu a ƙirji, inci huɗu a kwankwaso, inci biyu a damtse, sannan in bar rarar inci ɗaya da rabi a cikin kowane gefe domin a iya buɗe rigar nan gaba ba sai an yi mata ƙari ba. Wuri ɗaya ne ba na yarda a ƙara ko rabin inci, shi ne kafaɗa. Kuskuren da teloli da yawa suke yi shi ne, da zarar sun ga mace ta yi jiki sai su faɗaɗa komai gaba ɗaya, alhali ƙashin kafaɗa ba ya ƙiba. Idan ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai inda ƙashin ya ƙare, wuyan riga ya kwanta bai zame ba, to duk yalwar da aka bari daga ƙirji zuwa ƙasa za ta zama kwarjini. Idan kuwa kafaɗar ta zubo kan damtse, ko da tsadadden leshi aka yi rigar, za ta yi kama da ta aro. Buhun da kike kuka da shi daga nan yake samo asali.

Sai maganar yadi, wadda a ganina ita ce rabin amsar tambayarki. A Kano zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga kuma zafin da jikinki yake haifarwa da kansa, don haka duk yadin da ba ya shan gumi ya zama abokin gaba. Auduga tana shan gumi, iska kuma tana ratsa ta. Yadin roba, wato foliyesta, yana riƙe zafi da wari, ya manne a baya, ya bar gumi yana gangara a ƙarƙashinsa. Matsalar ita ce tun da masaƙun Kaduna da na Kano suka durƙushe a shekarun 2000, kasuwa ta cika da atamfofi masu kyawun zane da arahar kuɗi waɗanda roba ta fi yawa a cikinsu, kuma sitacin da ake zuba musu yana sa hannu ya kasa bambancewa a kanti. Iyayenmu da suka sa atamfar Kaduna ba su san wannan wahalar ba, domin ko mai arahar cikinta auduga ce.

Ga yadda nake gwadawa a shago, kuma ke ma za ki iya yi a gida. Ki zare 'yan zaruruwa daga bakin yadin, ki riƙe su da almakashi a kan faranti, ki kyasta ashana. Auduga za ta kama da wuri, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi wadda take murƙushewa a yatsa. Roba za ta janye daga wutar, ta narke, ta yi warin ƙonanniyar leda, ta dunƙule ta zama baƙin ƙwallo mai tauri. Idan kina cikin Kantin Kwari inda babu halin kunna ashana, ki dunƙule gefen yadin a tafin hannunki na ɗan lokaci ki saki: auduga za ta yamutse, roba kuwa za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Ki kuma juya bayan atamfar, domin mai kyau launinta yakan ratsa ciki da waje har ya yi wuya a gane fuska da baya. 'Yar Holan ta kamfanin Vlisco, wanda yake aiki a garin Helmond tun 1846, auduga ce zalla, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa zanin kaka yake kai wa jika. Ba na cewa sai kin sayi sufa, domin da albashin koyarwa turmi ɗaya zai iya cinye kuɗin cefanen wata, kuma akwai atamfofin auduga masu matsakaicin kuɗi da suke yin aiki sarai. Abin da nake cewa shi ne turmi biyu na auduga sun fi miki turmi biyar na roba amfani. Da Hausawa suka ce araha ba ta ado, a shekarunki har lafiyar fata abin ya shafa. Kuma kafin ki kai wa tela, ki jiƙa atamfar a ruwan sanyi ki shanya a inuwa, saboda auduga tana ɗan tsukewa a wankin farko, gara ta tsuke kafin almakashi ya taɓa ta.

Akwai wani ɓoyayyen mai laifi da mata ba sa lura da shi, shi ne shafi. Za ki sayi leshin auduga mai tsada, tela ya sa masa shafin roba mai sulɓi saboda shi ne mai araha a kasuwa, sai ya zama kin biya kuɗin auduga amma leda ce take taɓa fatarki. Ki sayi shafinki da kanki, na auduga marar nauyi, ki haɗa da yadin ki ba shi, ki kuma gaya masa kada ya shafe hannun riga sai idan yadin yana nuna jiki. Atamfa mai kauri ba ta bukatar shafi ko kaɗan. Shadda kuwa, musamman gezna ta ƙasar Ostiriya, auduga ce, amma saƙarta matsattsiya ce, ga sheƙi da sitaci, don haka sabuwarta tana da zafi da tauri. Ta fi daɗi da hunturu, ko bayan ta sha wanki biyu ko uku ta yi laushi. Don zuwa aiki a bazara babu kamar boyel na auduga da atamfa marar nauyi.

Game da fasalin ɗinki, ba ni da ra'ayin cewa mace ta yi sallama da kwalliya don ta aurar da 'ya, kuma ba na goyon bayan ta shiga gasa da 'yar tata. Bubu ɗinki ne na manyan mata, kuma idan an yi shi daidai babu abin da ya kai shi kwarjini. Daidai ɗin shi ne wuya ya zauna, faɗin bubun ya tsaya a gwiwar hannu ko ƙasa kaɗan gwargwadon tsayinki, a kuma yi ɗinki na ciki daga ƙarƙashin hammata zuwa gwiwa da tazarar inci uku ko huɗu daga jiki, yadda rigar za ta san akwai mutum a cikinta ba tare da ta kama shi ba. Idan ke gajeriya ce, ki rage faɗin, ki guji yadi mai tauri, domin bubun shadda mai sitaci a jikin gajeriyar mace yana tsayawa ne kamar rumfa. Doguwar riga wadda ta kama kafaɗa da saman ƙirji sannan ta buɗe a hankali zuwa ƙasa ita ce nake yi wa malamai da ma'aikata fiye da kowane ɗinki. Abin da za ki hana tela shi ne ya yanka rigar a ƙugu ya yi tattara a kan ciki, saboda duk layin da ya gitta a wurin da ya fi faɗi, nan ido zai sauka. Idan dole sai an yanka, a ɗaga yankan zuwa ƙarƙashin ƙirji. Riga da zani kuma har yanzu ba a yi abin da ya fi su hikima ba, tunda zani yana bin jikinki ne ko kin rame ko kin yi ƙiba, ba ya neman zif ba ya neman gyara. Sai dai rigar ta sauko ta wuce ɗaurin zanin ta rufe kwankwaso, a yi mata 'yar tsaga a gefe biyu domin zama.

Idan kin je karɓar ɗinki, kada madubi ya ruɗe ki. Ki sa rigar ki zauna, ki ɗaga hannu sama kamar za ki yi rubutu a saman allo, ki sunkuya kamar mai ruku'u, ki ɗaga ƙafa kamar za ki shiga adaidaita sahu. Ki naɗe hannun rigar ki ga ko zai wuce gwiwar hannu, domin rigar da sai an cire ta kafin a yi alwalar azahar a makaranta ba rigar aiki ba ce, duk kyawunta. Ki gwada zuge zif da kanki. Mata da yawa daga shekara 40 zuwa 60 suna fama da riƙewar kafaɗa, musamman masu ciwon sukari, kuma dogon zif a baya yakan mai da mace mai neman taimako kullum da safe. Nakan mayar da shi gefe ko gaba, ko in buɗe wuyan yadda rigar za ta shiga ta ka. Sannan ki ce a sa miki aljihu a ɗinkin gefe, mai zurfin da zai ɗauki waya da hankici. Ban taɓa sa wa mace aljihu ta dawo ta ce in cire ba.

Akwai maganar da ake jin nauyin yi, amma ni aikina ne. Rigar mama ita ce harsashin duk abin da za a ɗora a sama, kuma mata da yawa suna nan a kan lambar da suke sawa tun suna amare. Maɗaurin da ya zagaya ƙirji shi ne yake ɗaukar mafi yawan nauyi, don haka idan yana hawa sama a bayanki, ko igiyoyin suna yi miki rami a kafaɗa, lambar ba taki ba ce. Ki nemi mai faɗin igiya, mai auduga a ciki, ki sa siket ɗin ciki na auduga, da dogon wando marar nauyi idan cinyoyi suna gogar juna. Bel ɗin matse ciki da ake tallatawa ba ya rage kitse, yana dai tura shi sama da ƙasa, ya ƙara miki zafi da ƙwarnafi. Mai fama da tasowar zafi ba ta da abin yi da shi.

Batun launi kuwa, ban san wanda ya kafa dokar cewa babbar mace sai ruwan toka da ruwan ƙasa ba, kuma ba na bin ta. Shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata, da kore mai duhu, da jan gauta, da ruwan goro, da ruwan zuma duk suna haska baƙar fata. Launin da ya fi muhimmanci shi ne wanda yake kusa da fuska, wato ɗankwali da mayafi, don haka ki kara yadin a fuskarki a hasken rana kafin ki biya. Ƙa'idar da nake bi ita ce abu ɗaya ne zai yi magana a jiki. Idan atamfar mai manyan furanni ce, ɗinkin ya zama salin alin, mayafin ya ɗauki launi ɗaya daga cikin zanen. Idan yadin fili ne, to a yi aiki a wuya ko a bakin hannu, ko a bar sarƙa ta yi aikin. Ki dubi Ngozi Okonjo-Iweala, wadda ta zama ministar kuɗi a 2003 tana da shekara 49: atamfa, ɗinki kusan iri ɗaya, da ɗaurin ɗankwalinta da kowa ya sani, kuma da wannan shigar ta hau shugabancin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2021. Haka Amina Mohammed, mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2017, da dogayen rigunanta masu yalwa da ɗaurin kanta. Kowaccensu ta gano fasalin da ya karɓe ta, ta zauna a kai, yadi kawai take sauyawa. Ke ma idan aka dace da riga ɗaya da ta zauna miki, ki sa tela ya yanka fasalinta a takarda ya ajiye da sunanki.

Yawancin abayoyi da hijaban kasuwa roba ne, kuma baƙar abaya a kan cikakkun kaya da tsakar rana azaba ce. Idan za ki sa abaya, ki sa 'yar rigar auduga marar hannu a ciki, hijabin kuma ki sayi yadi mai shan iska a ɗinka miki, ki bar hular ciki ta roba. Lafaya, wadda muka gani a wurin matan Barno da na Sudan, ta dace da shekarunki ƙwarai idan ta auduga ce marar nauyi, sai dai tana son sabo, kada ki fara koyon naɗa ta ranar taro. Takalmi kuma ki saye shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, mai faɗin gaba, mai tudun inci ɗaya zuwa biyu. Silifas shafal ba ya tallafar dunduniyar mai tsayuwar awa biyar a aji, mai tsini kuwa gwiwa ce take biyan kuɗinsa.

Bikin 'yarki, Allah ya kai mu, ya sanya alheri. Uwar amarya tana cikin hidima tun asuba, tana tashi tana zama, tana rungumar baƙi, don haka leshi mai nauyin duwatsu zai gajiyar da ke kafin la'asar, ya kuma kama mayafan mutane. Ki zaɓi leshin auduga ko boyel mai aiki, a yi miki bubu ko riga da zani da shafin auduga, ki bar ɗan kunne da sarƙa da lalle da turare su cika sauran. Idan dangi sun fitar da anko kuma yadin roba ne, ki karɓa don zumunci, a ɗinka miki shi da yalwa, ki sa na awa ɗaya ko biyu a ɗauki hoto, sannan ki koma cikin naki. Ki tanadi kaya biyu na kowane wuni saboda gumi. Tunda bikin bayan Sallah ne, ki kai ɗinkin wata biyu kafin lokaci, domin tela a makon Sallah ba ya da natsuwar duba kafaɗar kowa, ki kuma koma gwaji sau ɗaya kafin a rufe ɗinkin.

Kayan da suke cikin akwati kuma kada ki yi saurin rabar da su duka. Ki fito da su ki ware. Zannuwa suna nan daram, babu abin da ya same su. Rigar da aka bar mata rara a ciki za a buɗe ta. Wadda ba ta da rara, idan ɗankwalinta yana nan, ana iya yanka shi a yi mata ƙari a gefe biyu daga hammata zuwa ƙasa, ki ɗaura ɗankwali fili a kanta, babu wanda zai gane. Inda kike da zani biyu na atamfa ɗaya, yadi huɗu ke nan, sun isa doguwar riga. Matsattsun siket ne kaɗai ba su da gyara, su sai ki ba ƙannenki ko ki haɗa wa amarya.